Ɗaurarren kuɗi a littafin ƙungiya: nawa ne namu a cikin abin da ke banki?

Hafsat, Samaru:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman a warware mini wata mas'ala. A ɗauka ƙungiya ce mai rajista a nan Zariya, asusunta ɗaya a banki. A shekara guda ta karɓi kuɗin haƙa rijiyoyin burtsatse daga wata gidauniya, da kuɗin makarantar marayu daga masu hannu da shuni, da zakka, da kuɗin ciyarwar azumi. Ranar 31 ga Disamba takardar banki ta nuna naira 9,400,000. Amintattu, wato waɗanda aka damƙa wa riƙon ƙungiyar, suna kallon wannan a matsayin rara, har ana maganar biyan hayar ofis ta shekara biyu a ciki. Ta yaya akanta zai nuna musu a takarda nawa ne ainihin wanda za a iya taɓawa?

Malam Nuhu, Kongo:
Wa alaikumus salam, Malama Hafsat. Kafin a taɓa alƙalami sai an raba kuɗin gida uku. Akwai ɗaurarren kuɗi, wanda mai bayarwa ya ce ga abin da za a yi da shi, ko ga lokacin da za a kashe shi. Akwai sakakken kuɗi, kamar kuɗin wata-wata na mambobi da gudummawar da aka ce a yi aikin alheri kawai. Na uku shi ne wanda amintattu da kansu suka keɓe, misali suka ce a ajiye miliyan ɗaya don gyaran rufi. Wannan na ukun sakakke ne har yanzu, domin wanda ya ɗaure shi zai iya kwancewa a taro na gaba. Ɗaurin mai bayarwa kuwa shi kaɗai ke kwance shi.

Kowane ɗaurarren kuɗi a buɗe masa shafinsa mai ginshiƙi biyar: abin da aka shigo da shi daga bara, abin da ya shigo bana, abin da aka kashe, abin da aka juyo daga wani gida, da ragowa. Bari in saka lambobi na misali. Burtsatse: an karɓi 12,000,000, an kashe 7,500,000, saura 4,500,000. Marayu: an shigo da 800,000 daga bara, an karɓi 5,000,000, an kashe 3,600,000, saura 2,200,000. Zakka: an karɓi 3,000,000, an raba 1,100,000, saura 1,900,000. Waɗannan ukun sun tashi 8,600,000. Sai bashin da ke kan ƙungiya wanda ba a biya ba tukuna: harajin albashi da fansho da harajin da aka cire wa ɗan kwangila, a ce 350,000, da kuɗin odita, wato mai binciken asusu, 250,000. Ki cire 8,600,000 da 600,000 daga 9,400,000. Abin da ya rage naira 200,000 ne. Idan ofis na cin 450,000 a wata, wannan bai kai na mako biyu ba.

Alhaji Lawal, Sabon Gari:
Malam Nuhu, ka bar ciyarwar azumi. Kuma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi ɓoyuwa. A ce an tara 2,000,000 aka kashe 2,300,000. Shafinta ya nuna giɓin 300,000. Mai gaggawa zai haɗa gidaje huɗun ya ce ɗaurarren kuɗi 8,300,000 ne, sakakke ya koma 500,000. Ba haka ba ne. Wannan haɗin yana nufin kuɗin marayu ya biya shinkafar buɗa-baki. Giɓin wani gida ba ya rage haƙƙin wani gida. Amintattu su zauna su amince a rubuce a juyo 300,000 daga sakakken kuɗi, shafin azumi ya koma sifili, juyin ya fito a ginshiƙi na huɗu. Ana barin giɓi a shafi ne kawai idan akwai rubutaccen alkawari cewa mai bayarwa zai biya abin da aka kashe daga baya, kuma a wannan hali ana rubuta shi a matsayin kuɗin da ƙungiya ke bi.

Malam Nuhu, Kongo:
Gaskiyarka, Alhaji. Lissafin 200,000 ɗin ya riga ya haɗiye giɓin, tunda kuɗin ya fita daga banki. Rubuta juyin ne ya rage.

Hajiya Rakiya, Tudun Wada:
Ni ina ganin tushen matsalar asusu ɗaya ne. Kowane babban mai bayarwa a buɗe masa asusunsa a banki, zakka ma da nata. Kuɗin da ba ya cikin tukunyar, ludayi ba zai kai gare shi ba. Kuma gidauniyoyi da yawa na ƙasashen waje suna rubuta wannan a cikin yarjejeniya, ba zaɓi ba ne.

Malam Nuhu, Kongo:
Hajiya, inda yarjejeniya ta ce a buɗe, babu gardama. Amma asusun banki daban ba ya maye gurbin leja, wato littafin da ke ɗauke da shafin kowane gida. Ga dalili. Albashin akanta ɗaya ne, ayyuka uku ke cinsa. Dole a biya shi daga asusu guda sannan sauran su mayar da kasonsu. In aka manta mayarwar wata biyu, asusun bankin ya daina faɗin gaskiyar ragowar aikin. Ga cajin banki a kowane asusu, ga daidaita littafi da takardar banki sau shida a wata maimakon sau ɗaya. Ƙaramar ƙungiya mai akanta ɗaya ta fi samun sauƙi da asusu biyu ko uku, sannan kowace baucha, wato takardar biyan kuɗi, ta ɗauki lamba biyu: lambar irin kashewar, da lambar gidan da kuɗin ya fito. A manhajar lissafi ta QuickBooks akwai wurin da ake yi wa kowace shigarwa alamar rukuni, a Excel kuma ginshiƙi ɗaya ne za a ƙara. Sharaɗin shi ne kada ma'aji ya sa hannu a bauchar da ba ta da lambar gida.

Hajiya Rakiya, Tudun Wada:
Na yarda leja ce uwa. Amma ban janye a kan zakka ba. Leja tana gaya maka an taɓa kuɗi bayan an taɓa. Asusu daban mai masu sa hannu daban yana hana taɓawar tun farko.

Malam Abdulƙadir, Birni:
Ina bayan Hajiya a nan. Zakka ɗaurinta ba daga mai bayarwa ya zo ba, daga aya ta 60 a Suratut Tauba ya zo, wadda ta lissafa rukunoni takwas na masu haƙƙi. Ko da wanda ya fitar ya ce na yarda a haƙa rijiya da ita, yardarsa ba ta canza hukunci ba, kuma jumhurun malamai ba su halatta gina masallaci ko haƙa rijiya da zakka ba. Saboda haka ragowar 1,900,000 da ke misalin Malam Nuhu ita kanta abin tambaya ce, don me ta kwana har ƙarshen shekara alhali masu haƙƙi na nan? A bayanin asusu a rubuta ranar da aka karɓa da ranar da za a raba. Batun ko ƙungiya za ta ɗauki kason masu aikin tarawa don biyan ma'aikata, kada akanta ya yanke shi shi kaɗai. A nemi fatawa a rubuce, a ajiye ta a fayil, a bayyana kason a fili.

Wakafi kuma wani babi ne. Gidan da aka yi wakafinsa don marayu, asalinsa ba ya taɓuwa, kuɗin hayarsa ne ake kashewa. Shafi biyu yake buƙata, na asali da na amfanin da yake fitarwa, kuma gyaran gidan daga hayar ake fara cirewa kafin a raba.

Hafsat, Samaru:
Allah ya saka da alheri, Malam. To a babban bayanin shekara, miliyan 12 ɗin burtsatse duka za a rubuta a matsayin kuɗin shiga na bana, ko 7,500,000 da aka kashe kawai?

Barista Salisu, PZ:
Ƙanwata, amsar tana cikin yarjejeniyar, don haka a karanta ta kafin a buɗe leja. Akwai bambanci tsakanin a ce ga abin da za ku yi da kuɗin, da a ce kuɗin ba naku ba ne sai kun cika kaza, in ba ku cika ba ku dawo da shi. Na farko iyakance manufa ne, kuɗin ya zama na ƙungiya amma a ɗaure. Na biyu sharaɗin mallaka ne. Ƙa'idojin lissafin ƙungiyoyin agaji na Birtaniya da na Amurka duk sun tafi a kan wannan rarrabewar: na farko a rubuta shi kuɗin shiga gaba ɗaya a ginshiƙin ɗaurarre, na biyu ya zauna a matsayin nauyi, wato bashi, a kan ƙungiya har a cika sharaɗin. A Amurka ma tun gyaran 2016 suka rage rabon dukiyar ƙungiya daga gida uku zuwa biyu, mai ɗaurin mai bayarwa da marar ɗauri.

Alhaji Lawal, Sabon Gari:
Barista, a takarda haka ne, amma oditoci da yawa a ƙasar nan suna bin salon ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 20, wadda asalinta don tallafin gwamnati aka yi ta. Su suna ɗaukar abin da aka kashe kawai a matsayin kuɗin shiga, 7,500,000 ta shiga 7,500,000 ta fita, ragowar 4,500,000 ta zauna a ɓangaren nauyi da sunan tallafin da ba a kashe ba. Ni na fi son wannan ga ƙungiyoyinmu, domin amintattu ba sa ganin rarar bogi ta miliyan huɗu da rabi bana, sannan baɗi su ga asarar bogi ta daidai wannan adadin lokacin da aka ƙarasa rijiyoyin.

Malam Nuhu, Kongo:
Rarar ba ta zama bogi ba in an nuna ginshiƙi biyu gefe da gefe, Alhaji. Mai karatu zai ga sakakke ya bar kaza, ɗaurarre ya bar kaza. Illar salonka ita ce ana jefa komai cikin nauyi, har da kuɗin marayu da wani bawan Allah ya bayar babu yarjejeniya babu maganar a dawo masa. Wannan ba bashi ba ne, babu wanda zai zo karɓa. In aka kira shi bashi, an rage dukiyar ƙungiya a takarda, an kuma ɓoye cewa akwai amanar da ba a isar ba.

Alhaji Lawal, Sabon Gari:
A kan kuɗin marayu na ba ka. A kan tallafin gidauniya mai sakin layin a dawo da ragowa, ina nan a kan bakana. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bi wannan salo bana, a bi wancan baɗi don lamba ta yi kyau. A rubuta manufar a bayanan da ke bin asusu, a tsaya a kanta.

Malama Zainab, Gyallesu:
Ku ba ni dama in shigo da kuɗin da ayyuka ke tarayya a kai, domin nan ne odita na mai bayarwa ya fi ƙin amincewa da kashewa. Albashi ana raba shi da takardar lokacin aiki wadda ma'aikaci ya cike a watan, shugabansa ya sa hannu. A ce akanta na karɓar 180,000, takardarsa ta nuna rabi a burtsatse, kashi 30 a marayu, kashi 20 a aikin ofis. Sai a rubuta 90,000 da 54,000 da 36,000. Kashi 10 na fansho da ƙungiya ke zubawa bisa dokar 2014 ya bi wannan rabon, kashi 8 na ma'aikaci kuwa daga albashinsa yake fita. Abin da ke ɓata wannan shi ne a kwafe kason da ke cikin kasafi a liƙa kowane wata, takardu goma sha biyu duk lamba ɗaya, duk biro ɗaya, an cike su rana guda kafin zuwan odita. Ana gane su nan take. Mafi muni, masu bayarwa biyu kowa a caje shi kashi 70 na albashi ɗaya.

Haya da wuta da man janareta da intanet kuwa a zaɓi ma'auni ɗaya mai hujja, yawan ma'aikata ko faɗin ɗakin da kowane aiki ke amfani da shi, a rubuta shi a farkon shekara. Idan mai bayarwa ya yarda da wani kaso na hidimar ofis a dunƙule, wannan kason yana zama sakakke ne gwargwadon abin da aka kashe a aikin, ba ranar da kuɗi ya shigo ba. In kaso 10 ne kuma aikin kai tsaye ya ci 5,000,000, abin da za a juyo 500,000 ne. Kuma ba a karɓar kason a dunƙule sannan a sake cajin haya a layi daban.

Hajiya Rakiya, Tudun Wada:
A ƙara da adibas, wato kuɗin da ake ba jami'i tun kafin ya yi aikin. Jami'in da aka ba 400,000 ya tafi Soba ko Giwa bai kashe komai ba a idon littafi sai ya dawo da rasit. Kafin nan bashi ne a kansa. A sa wa'adi, kwana bakwai ko goma sha huɗu, kuma ba sabon adibas sai an sauke tsohon. A ƙauye inda mai yashi da mai kurar ruwa ba su da rasit, a tafi da takardar karɓa ta ƙungiya mai suna da lambar waya da sa hannu ko dangwale.

Usman, Danmagaji:
Yaya Zainab, idan tallafin da dala ya zo fa? Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin 2023, farashin da aka yi kasafi da shi da wanda ake canzawa ba sa haɗuwa.

Malama Zainab, Gyallesu:
Ƙanena, ɗaurin yana bin dalar duk inda ta je. A ce dala 20,000 aka yi kasafi a kan 1,500, wato miliyan 30. Kashin farko dala 10,000 aka canza a 1,580, ya ba da 15,800,000. Wannan ƙarin 800,000 ba ribar ƙungiya ba ce, na aikin ne, kuma sai an tambayi mai bayarwa kafin a ƙara wani aiki da shi. Gara ma a riƙe shi, domin in kashi na biyu ya zo a 1,450 zai ba da 14,500,000, giɓin 500,000. Jimla 30,300,000, matsakaicin farashi 1,515. Wajen rahoto da dala, wasu masu bayarwa na son a bi farashin kowane kashi har ya ƙare, wasu matsakaici, wasu suna da nasu farashin na wata-wata. Yarjejeniya ce ke faɗa. A ajiye takardar banki ta kowane canji. Dalar da ta kwana a asusu ranar rufe shekara kuma ana ƙiyasta ta da farashin wannan ranar, bambancin ya shiga shafin aikin.

Haka kuɗin ruwan da banki ya ɗora a kan ɗaurarren kuɗi. Na gidan ne, wasu yarjejeniyoyin ma cewa suke a mayar. Ƙungiyar da ba ta son shigarsa littafinta tun farko ta buɗe asusu a bankin da ba ya mu'amala da ruwa.

Malam Nuhu, Kongo:
Akwai wani wurin da rahoto biyu ke saɓawa har a zargi akanta ba da laifinsa ba. An sayi na'urar sola ta 2,400,000 da kuɗin aiki. A rahoton mai bayarwa an kashe 2,400,000 bana. A bayanin shekara kuwa kadara ce, in an ƙiyasta mata shekara huɗu, 600,000 kawai ke fita bana a matsayin raguwar daraja, 1,800,000 na zaune a shafin aikin amma ba tsabar kuɗi ba ce. Don haka a raba ragowar kowane gida biyu, wadda ke cikin kadara da wadda ke banki, kuma a haɗa 'yar takardar da ke daidaita rahotannin biyu. A duba kuma wa zai mallaki na'urar in aiki ya ƙare, domin wasu masu bayarwa sai sun ba da takardar mallakawa.

Hafsat, Samaru:
Tambaya ta ƙarshe, Barista. Albashi ya zo, sakakken kuɗi babu, ga 4,500,000 na burtsatse a kwance sai bayan damina. A ara a mayar?

Barista Salisu, PZ:
Ba tare da rubutacciyar yardar mai kuɗin ba, a'a. Sunansa aro, amma a shari'a karkatar da amana ne, kuma amintattu ne da kansu ke ɗaukar nauyin. Lokacin da aka kafa dokar kamfanoni a 2020, sashenta na 839 ya ba CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ikon dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan an sami rashin kula da dukiyar ƙungiya. A wancan lokacin dokar dai ta wajabta miƙa bayanin halin ƙungiya sau biyu a shekara, da rahoton shekara tare da asusun da odita ya bincika tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, da ajiye takardun lissafi shekara shida. Mai bayarwa na iya neman fiye da shidan, sai a bi mafi tsawo.

Hanyar da ta dace ita ce a rubuta wa mai kuɗin, a faɗi adadi da ranar mayarwa da inda kuɗin mayarwar zai fito. In ya amince, a rubuta shi a shafuka biyun, wannan yana bi wancan ana binsa, kada a ɓoye shi a cikin kashewar aiki. In an riga an ara ba izini, a daina ƙarawa, a lissafa adadin daidai, a kai gaban amintattu, a sanar da mai kuɗin kafin odita ya gano.

Alhaji Lawal, Sabon Gari:
Kuma kada a yi aron da harajin ma'aikata. Wanda aka cire daga albashi yana zuwa hukumar harajin Jihar Kaduna kafin 10 ga watan da ke biye, fansho cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Cewa ƙungiya ba ta neman riba bai ɗauke mata wannan ba, kuma tarar jinkiri mai bayarwa ba zai yarda a ɗora wa aikinsa ba, daga sakakken kuɗi za ta fita.

Hajiya Rakiya, Tudun Wada:
'Yata Hafsat, takarda ɗaya za ki riƙa kai wa amintattu kowane wata, kafin 15 ga wata. A sama abin da ke banki da akwatin kuɗi bayan an daidaita da takardar banki. A ƙasa ragowar tsabar kuɗin kowane ɗaurarren gida da sunansa, sai bashin da ba a biya ba, sai layin ƙarshe na abin da ya rage da adadin kwanakin da zai riƙe ofis. In layin ƙarshe ya faɗa ƙasa da sifili, an ci ɗaurarren kuɗi ko da babu wanda ya yi niyya, sai a bi bauchocin watan ɗaya bayan ɗaya a gano ta inda ya fita. Shugaba da ma'aji su sa hannu, kwafi ya shiga fayil ɗin taro. Ga misalinki, layin zai nuna 200,000 da kwana 13, sai a ajiye takardar kusa da ta mai gidan haya a taron da za a yi maganar shekara biyun.